Lamba Ashirin da Tara

"Sun ba da lambar, Rali... sun ba da ita!"

Muryar kocinta ce. Raliatou ta damƙe ƙarfen tram, jirgin cikin gari, da hannu biyu, wayar na maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa.

"Wa ya ba da me? Coach, ban gane ba."

"Kulob ɗin Melbourne. Lamba ashirin da tara, wadda suka ce da ita za su ɗauke ki. Sun yi musayarta yau da safe. Yanzu tana hannun wani kulob na Perth."

Tram ya tsaya a La Doua, inda ta saba sauka. Ƙofa ta buɗe, ta rufe, ba ta motsa ba.

"Perth..." ta faɗa a hankali. "Innalillahi."

Shekara huɗu ke nan da ta baro Tahoua ta zo Villeurbanne karatun injiniya. Wata ƴar ajinsu ce ta ja ta filin da matan Lyon ke buga ƙwallon Ostireliya, wata ƙwallo mai siffar ƙwai da ake bugawa da ƙafa a cafe ta a sama. Raliatou doguwa ce. Da hijabinta da dogon wandonta take tashi sama ta kan kafaɗun mutane ta cafke ƙwallo, har labarinta ya kai ƙasar masu wasan.

To amma a can ƴar wasa ba ta zaɓen kulob. Sunanta take sawa a jeri, ranar zaɓe kulob-kulob su yi ta kira bi da bi, kowa da lambar layinsa. Wanda ya kira sunanki, garinsa za ki. Lambobin nan kuwa musayarsu ake yi kafin ranar, a ba da lamba a karɓi ƴar wasa, babu mai tambayar yarinyar da ta ɗora rayuwarta a kai.

Ita kuwa ta ɗora. Har da aurenta.

Munzali, wanda ya sa mata zobe wata biyar da suka wuce, ya yi shekara guda yana neman aikin bincike a Melbourne saboda ita, ya samu, ya sa hannu. Mahaifiyarsa Hajiya Shamsiya, mai babban magasin, wato shagon atamfa da leshi, a Aubervilliers kusa da Paris, da ƙyar ta yarda da auren. Sharaɗinta ɗaya: rufi ɗaya. Ba za ta aura wa ɗanta matar da ke wani gari yana wani ba.

Tsakanin Melbourne da Perth, duk da a Ostireliya suke, kusan awa huɗu ne a jirgin sama.

*

Da la'asar ranar Alhamis ɗin Munzali ya same ta a bakin ginin ɗakunan ɗalibai. Kallo ɗaya ta yi masa ta san ya ji.

"Wa ya gaya maka?"

"Hajiya."



"Hajiya? Yaushe Hajiya ta fara bin labarin ƙwallo?"

"Rauda ce ta kai mata waya har magasin, ta fassara mata."

Rauda ɗiyar ƙanwar Hajiya ce, ita ke riƙe mata shago. Tun suna yara ake tsokanar ta da matar Yaya Munzali, kowa ya manta da wasan ban da ita.

"Me Hajiya ta ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Munzali, me ta ce?"

"Ta ce ki janye sunanki kafin yammacin Juma'a. In ba haka ba... a mayar da zobe."

Ta jingina da bango. Sanyin Disamba ya ratsa rigarta.

"Kai fa, me ka ce?"

"Rali na, ki saurare ni. Shekara ɗaya kawai. Ki janye, mu yi aure, mu tafi Melbourne tare, baɗi ki sake sa suna..."

"Baɗi ina da shekara ashirin da shida! Wa zai jira ni? Ka san irin wuyar da na sha kafin su kalle ni?"

"Ni ban sha ba? Wasiƙa talatin na rubuta kafin labo ɗaya na bincike ya amsa mini! Na sa hannu, chérie, j'ai signé!"

"Ni ma na sa hannu."

"Ke ba ki ma san ko mutanen Perth ke suke so ba! Sun taɓa kiran ki?"

Ta kau da kai.

"Ko sau ɗaya?"

"A'a..."

"To kin gani. Za ki jefar da ni saboda mutanen da ba su san lambar wayarki ba."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Abin da ya hana ta cin abinci ke nan tun safe: za ta iya ƙin janyewa, ranar Litinin, ranar zaɓe, a kira wata, ta tashi babu ƙwallon babu Munzali.

"Hasken idona," ya ce, muryarsa ta karye, "kar ki sa ni zaɓe tsakaninki da uwata. Ba zan iya ba."

Ya juya ya nufi tram. Ta bi shi da kallo har ya shiga.

*

Ranar Juma'a ta cika takardar janyewa tsaf, saura ta danna ta aika.

Ta kira babanta, Malam Soumaïla, a Tahoua. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗiyata, abin da surukarki ta ce shi ne. Mace ita ke bin miji."

Haka kowa ke faɗa, da tabbaci kamar ya ga an rubuta a sama. Da za a zauna a ƙirga gidajen da matar ce ta fara taka hanya mijin ya biyo baya, da an rage ɗaga murya. Amma ba a ƙirgawa, kuma Raliatou ba ta da ƙarfin musu da mahaifinta.

"To, Baba," ta ce.

Ta zauna gaban kwamfutarta, yatsanta na kan maɓalli. Tana ganin kanta a Melbourne, a cikin ƴan kallo, tana tafa wa wasu. Tana kuma ganin Rauda da lalle a hannu, a gefen Munzali.

Ƙarfe biyar aka rufe karɓar takardu.

Yatsan yana nan inda yake, bai danna ba.

Munzali bai kira ba ranar Asabar. Bai kira ba ranar Lahadi. Duk motsin wayar sai gabanta ya faɗi, ta duba, ba shi ba ne.

*

Litinin, ranar zaɓe, ta shiga jirgin ƙasa na farko daga tashar Part-Dieu ta Lyon zuwa Paris. Zoben na cikin ƙaramin akwatinsa a aljihunta. In dai za a mayar, gara ta mayar da hannunta, ba ta aike ba.

Lokacin da ta isa gidan Hajiya a Stains, a gefen Paris, hantsi ya ɗaga. A Ostireliya yamma ce, an riga an fara kiran sunaye.

Rauda ce ta buɗe ƙofa, da murmushi har kunne.

"Ah, la championne! Shigo, shigo. Ai mun kunna miki télé, mu ga inda za a kai ki."

Da gaske ta kunna. Ƙaton allon falon na nuna wani zaure cike da fitilu, wani mutum na karanta suna, wata yarinya na kuka a jikin uwarta. A ƙasan allon an rubuta goma sha takwas.

Munzali na tsaye jikin taga, ya rame cikin kwana huɗu. Hajiya Shamsiya na zaune a tsakiyar kujera, carbi a hannu.

Raliatou ta durƙusa.

"Hajiya, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdulillahi. Ya jiki, ya kasuwa?"

"Da godiya. Kin janye?"

"Ban janye ba, Hajiya."

Ta ciro akwatin, ta ajiye a kan tebur.

"Rali..." Munzali ya furta, bai ƙarasa ba.

"Ai na gaya miki, Hajiya," in ji Rauda. "Matar da ake musayarta kamar dilar atamfa, yau a nan gobe a can, ina zaman aure? Mutanen da suka yi mata alkawari ma sun sake ta!"

Hajiya ba ta kalli zoben ba. Ta juya ga Rauda.

"Musaya kika ce."

"Wallahi, Hajiya, a rubuce yake."

"Me aka bayar?"

"Na'am?"

"Mutanen Perth ɗin nan. Da suka karɓi lambar, me suka bayar?"

Rauda ta ɗan daburce. "Ban... ban duba ba."

"Shekara uku kina magasin ɗina, a ce miki an yi musaya, ki kasa tambayar abin da aka bayar?" Hajiya ta yi tsaki. "Ke, ɗiyar nan, gaya mini."

"Ƴar wasa suka bayar, Hajiya."

"Gurguwa?"

"A'a. Shekara shida tana buga musu. Tana cikin waɗanda suka fi ji da su."

"Suka ba da wadda suka sani, suka gwada shekara shida, don su karɓi wuri a layi?"

"E, Hajiya."

"Mahaukata ne?"

"A'a."

"To akwai abin da suka hango a layin."

Allon ya nuna ashirin da huɗu.

"Wataƙila ba ni ba ce, Hajiya," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba su taɓa kira na ba, ko sau ɗaya. Akwai wasu ƴan mata da yawa a jerin."

"Kuma kika ƙi janyewa."

"Na kasa..."

"Ni in ina son kwantenar kaya," in ji Hajiya, "ko kallon ta ba na yi a gaban ƴan kasuwa. Wanda ya zo yana shafa kaya yana yabo yana alkawari, shi ne ba ya saye. Zauna."

Ta zauna a ƙasa, gefen ƙafar Hajiya.

Ashirin da shida.

Ashirin da bakwai.

Hajiya na jan carbi. Raliatou ta rufe ido. Ko addu'a ta rasa wadda za ta yi. In an kira ta, Perth. In ba a kira ta ba, ta yi asarar komai a banza, a gaban Rauda.

Ashirin da takwas.

Da aka zo ashirin da tara, mutumin ya karɓi wata takarda, ya duba, ya sake dubawa kamar mai shirin haɗiye ƙashi.

"Ra... Rali-a-tu Su-may-la. Lyon, France."

"Ita ce!" Munzali ya yi ihu bai san ya yi ba. "C'est elle! Hajiya, ita ce!"

Raliatou ba ta yi ihu ba. Ta kifa kanta a gwiwa tana kuka, don abin da take tsoro tun ranar Alhamis ya tabbata. An kira ta, kuma garin ba nasa ba ne.

Ta share fuska ta miƙe.

"Hajiya, ki yafe mini. Na gode da duk abin da kika yi mini."

"Wa ya sallame ki?"

Ta tsaya.

Hajiya ta ɗauki akwatin zoben tana juya shi a hannu, idonta na kan ɗanta.

"Munzali."

"Na'am, Hajiya."

"Na Melbourne sun riƙe ta a hannu suka sake, don ba su san abin da suka riƙe ba. Na Perth ko muryarta ba su ji ba suka ba da abu mai tsada. Kai cikin su wa kake?"

"Hajiya, ke kika ce rufi ɗaya..."

"Har gobe rufi ɗaya. Na ce maka a wane gari?"

Rauda ta zabura. "Hajiya! Namiji ya bi mace?"

"Wa ya kawo gidan nan Paris, Rauda? An gaya miki Alhaji ne, ko? Ni na zo, da akwati biyu da atamfa turmi ashirin. Shekara biyu ina nan kafin marigayi ya biyo ni daga Damagaram. Ban taɓa gyara labarin ba don ina son sa. Kashe télé ɗin nan ki ɗora shayi."

Rauda ta shige kicin, ƙofar ta bugu da ƙarfi.

Munzali ya ciro wayarsa ya matso, ya nuna wa Raliatou. Wasiƙa ce zuwa ga labo ɗin Melbourne, ta neman afuwa da ajiye aikin. Kwanan watan Juma'a ne a kanta.

"Tun Juma'a na rubuta," ya ce. "Kwana uku ina kallon ta, na kasa aikawa. Ba ni da kowa a Perth, Rali. Ba ni da aiki, ba ni da komai. Wallahi tsoro nake ji."

"Ni ma, mon cœur... tsoro nake ji."

"Ke da kike tashi sama ta kan mutane?"

"Duk tashin da na yi da tsoro na yi shi."

Ya kalli wayar. Ya kalle ta. Ya danna ya aika.

Hajiya ta miƙa mata akwatin.

"Mayar da abinki, ɗiyata. A kira Malam Soumaïla, ni zan yi masa magana da kaina. Kafin ku tashi za a ɗaura."

Raliatou ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Zoben ya ƙi shiga sai a karo na uku.

Hajiya ta gyara zama, ta koma kan carbinta. Can ta ɗago.

"Ke, Perth ɗin nan... matan can suna sa leshi?"