Gayyar da Ba a Kira Ba

Ranar da Zulkifli ya fara ganin Mubina, yage sanarwar da ya manna a allon kwalejinsu ta Birnin Kebbi take yi.

"Ke, mi takardag ga ta yi miki?"

"Ƙungiyar ɗaliban Argungu ko? Ku ne kunka ƙone muna rumbun albasa a Augie lokacin zaɓe."

Bai ma shigo makarantar ba sa'ad da aka yi ɓarnar, amma wa zai saurara? Ya karɓi shugabancin ƙungiyar ne bayan 'yan siyasa sun tsotse yaran sun yar kamar rake. Da ƙyar ya mayar da su masu ba da jini a asibiti da koyar da yaran unguwar Badariya karatu. Tun Mubina na harararsa har ta koma ajiye masa kujera.

Da Zulkifli ya aika neman aurenta, mahaifinta, Malam Labbo, ko sauraron wakilansa bai yi ba.

Ta rubuto masa: "Nurina, Baba ya ce sai dai bayan ransa. Na gaji da kuka."

Ya amsa: "Tawan, share hawayenki. Mu munka ɓata, mu za mu gyara."

Da lokacin dashen shinkafa ya zo, ya kwashi yaransa suka faɗa fadamar tsohon ba tare da an kira su ba. Kowa ya san mai gona ke ciyar da 'yan gayya, amma ko ruwa ba a aiko ba. Haka suka yini da yunwa, washegari ma haka. Rabinsu suka zame, har da masu yi masa dariya cewa soyayya ta mai da shi lebura. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai.

Ranar da suka kai ƙarshen gonar, sai ga tsohon da ƙwaryar fura. Ya dire ta gaban Zulkifli, ya ƙi miƙa masa hannu.

"Na ba ka ɗiyata, don kai ka wanke kanka. Amma asarar albasag ga ita ta kwantar da uwarta, ba ta tashi ba. Wannan ba a dasa shi."

Bayan girbi aka ɗaura auren, liman ya yi addu'ar zuri'a ɗayyiba. Malam Labbo ya shafa, ya ce amin da ƙarfi. Da 'yan ƙungiyar suka taso gaishe shi, sai ya ɗauki takalmansa ya shige gida.