Gadon Gwanjo

Akwatinta na falo a kulle, mahaifiyarta na zaune kusa da shi kamar mai gadin shaida a kotu, lokacin da ta tura ƙofar ƙaramin ɗakin domin ta sanar da mijinta cewa za ta koma gidansu. Shekara biyu rabonta da taka ɗakin nan, tun ranar da zazzaɓin kwana uku ya ɗauke musu 'yarsu ta fari.

Ta shirya jawabinta tsaf. Kafin ta buɗe baki ya zabura, yana cewa warin fenti ba na mai cikin wata bakwai ba ne. Ya kama kwabar da ya gama shafawa, ya tura ta waje da ƙarfin da bai taɓa nunawa wajen lallashi ba. Ya manta cewa a cikin ɗakin ya harhaɗa ta. Kwabar ta shiga ƙofa rabi, ta cije. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Haka mai niyyar tafiya ta sami kanta a tsare da wanda za ta bari.

Mama ta aika a kira kafinta, sannan ta ci gaba da shari'a ta saman kwabar. Ta ce dama ta faɗa tun kafin aure: malamin makaranta sai alli. Wane uba ne zai kwantar da jikanta a kan ragowar mutane? Ta kuma maimaita labarin da babbar 'yarta ta kawo, cewa wata uku ana ganinsa unguwa-unguwa yana ƙwanƙwasa ƙofofi bayan an tashi aiki.

Bai musa ba. Ya buɗe taga, ya share wa matarsa kujera, ya tsaya da samfefar goge katako a hannu kamar ɗalibin da aka kama.

Ta kawar da kai daga gare shi, idonta ya faɗa kan gadon jaririn. Farin katako ne mai laushi, mai idanu, irin wanda farce ma ke yi wa tabo. Ya kankare shuɗin fentin da ya zo da shi, ya tayar da wuraren da suka lotsa da jiƙaƙƙen tsumma da dutsen guga, wanda ta yi mako tana cigiya. Ya shafe shi da fenti ruwan zuma, yana sheƙi ko'ina, ban da taƙi ɗaya a kan sandar gefe. Nan ya bar shi fari.

"Ko aikin ma ba ka iya gamawa," in ji ta.

"Taɓa wurin, masoyiyata."

Ta taɓa don ta nuna masa ba ta tsoro. Yatsarta ta bi wasu 'yan ramuka huɗu a jere, biyu sama, biyu ƙasa.

Ta san haƙoran.

Ta san safiyar da ta tsawata wa mai su, da dariyar da aka mayar mata.

A hankali ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. A makon rasuwar yarinyar, Mama ta kira mai gwanjo ya kwashe kayan ɗakin, don kada 'yarta ta gani ta tuna. Gadon ya bi ta hannu uku. Ƙofofin da ya ƙwanƙwasa ke nan. Da ya same shi kuma sai ya rasa bakin faɗa mata, domin shekara biyu ba su ambaci yarinyar ba, kowa na tsoron ya fama wa ɗaya.

"Kullum ina ɗaukar samfefa," ya ce, "hannuna ya ƙi. Idan kin ce a goge, yanzu zan goge..."

Daga bayan kwaba, inda ake jin komai, shari'a ta tsaya cak.

Ta daɗe tana kuka a kafaɗarsa, ƙurar katako na manne mata a fuska. Shi ma ya yi nasa, wanda ya makara da shekara biyu. Sannan ta karɓe samfefar ta ajiye a taga, ta miƙa masa burushi.

"Shafa a kai, Baban yara. A hankali. Ina so ƙaninta ya gani."

Da kafinta ya iso ya cire katakon ƙofa, hanya ta buɗe, babu wanda ya fito. Mama ce ta shiga, ta tsaya a gaban gadon, ta miƙa yatsa, aka ce mata bai bushe ba.