Ranar da Ba a Shiga Wurin Wasa Ba

Da jajayen idanu Chisato ta shigo shagon su Shunpei, ranar da babanta ya ce yau kam ba za a shiga wurin wasa ba, kowa ya huta.

Shagon yana tsohuwar unguwarmu ta masunta a gefen Tokyo, hayin kogi da manyan wuraren wasan nan da mutane ke tururuwar zuwa. Ƙananan kifi ake sayarwa, waɗanda aka dafa da miyar waken soya har suka yi baƙi. Shunpei yana bayan kantar shagon yana ɗaure kwali. Ya ɗago ya gan ta, sai igiyar ta suɓuce masa. Na san yaron nan tun yana rarrafe, ban taɓa ganin hannunsa ya yi kuskure ba sai ranar.

"Sannu da zuwa. Tsaraba ce? Da wace takarda za a naɗe?"

"Na yayana ne," in ji ta. "Ba ci zai yi ba. A gaban hotonsa za a ajiye."

Bai tsaya yi mata doguwar ta'aziyya ba. Ya ɗauko farar takarda irin ta mamata ya naɗe, ya jawo mata kujera, ya zuba mata shayin sha'ir mai sanyi. Wannan ɗan shirun nasa ne ya kwance mata baki.

Daga Aomori suke, can arewa, gonar tuffa gare su. Yayanta Itsuki ya faɗo daga rufin gida cikin hunturun da ya wuce, yana kwashe ƙanƙara. Kafin ya rasu ya yi wa iyayensu alkawarin zai kawo su wuraren wasan nan, tunda ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Shi ne babansu, Toyoji, ya ce sai an cika alkawari. Ya kwaso su, ya ɗauko hoton Itsuki a baƙin firam.

"Duk layin da aka ja sai mun shiga," Chisato ta ce. "Duk lilo sai Baba ya hau, da hoton a cinyarsa. Kowa na ihu yana dariya, mu kamar masu rakiyar gawa. Jiya har hular wasa ya saya ya ɗora wa hoton. Ƙafafun Mama sun kumbura, shi ya sa aka ce yau a huta."

"Ke fa, kin huta?"

"A ɗakin otal? Baba na zaune yana yi wa hoto hira. Gara layin."

"To zauna nan. Ba mai korar ki."

Ta zauna har rana ta juya. Da za ta tafi ya ba ta katin shago, wai ko da za su so a riƙa aika musu kifi. Hmm, kifi. Har lambar wayarsa ya ƙara a baya da hannu.

Bayan sun koma gida saƙo ya fara tafiya tsakanin arewa da kudu.

"Ɗan teku, kifinka ya yi gishiri. Mama ta ce ka rage hannu."

"Tuffata, ki gaya wa Mama haka kakana ya bar mana shi. Ke kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To ki ci. In kika rame wa zan riƙa tsokana?"

Wata rana da rani ta rubuto: "Yau na yi dariya a gona. Na tsorata da jin muryata." Ya karanta yana tsaye a bakin tukunya, har kifin ya kusa kamawa. Mahaifiyarsa, Tokie, ta leƙo ta ga fuskarsa. Nan take ta gane an zo wurin.

Da kaka ya je Aomori ya gaida iyayenta. Toyoji bai tambaye shi sana'a ba, bai tambaye shi ilimi ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Kai ne na nawa a gidanku?"

"Ni kaɗai ne, Baba."

Tsohon ya ajiye kofin shayinsa. "To, ka sha shayinka ka kama hanya, ɗana. Ba ni da abin faɗa a kanka, amma ba zai yiwu ba."

Ga inda gizo ke saƙar. Gidan da ɗa namiji ya ƙare, mijin 'ya ne ke shigowa ya ajiye sunan gidansu, ya ɗauki na matarsa, ya gaji gona da kabarin kakanni. Tun da Itsuki ya tafi, duk wanda zai auri Chisato sai ya ɗauki sunan gidansu, ya zama Narumi. Shi kuwa Shunpei shi ne namiji na ƙarshe a gidansu, gidan Udagawa. In ya shiga gidan Narumi, sunan marigayi ubansa ya mutu, kuma babu mai wanke kabarinsa bayan Tokie. Dole ɗaya daga cikin gidajen biyu ya rufe.

Kuma Toyoji yana da nasa a hannu. Kazuomi, ɗa na uku a gidan maƙwabta, mai ƙarfi da ladabi, wanda ba shi da gadon da zai bari. Tun bayan jana'iza yake zuwa taya su aikin gona, yana kiran Toyoji Baba da baki cike.

"Wannan ba sai an roƙe shi ba," Toyoji ya ce wa 'yarsa. "Me kike nema kuma?"

"Baba, ba na son sa."

"Ni ina son abin da ya same ni ne?"

Gaskiya ya faɗa. Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Shunpei: "Ɗan teku, hanya ɗaya ce, kuma ka san ta. Za ka iya zama Narumi?"

Alamar ya karanta ta fito, amsa ba ta zo ba. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Chisato ta ce a ranta, ashe dai soyayyar ta bakin kantar shago ce kawai. Ta sake rubutawa: "Na gane. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Baba ya ce a fara maganar Kazuomi, ban ce a'a ba."

Kash! Da ta san halin da yake ciki da ba ta rubuta ba. Kullum sai ya zauna gaban mahaifiyarsa da niyyar yin magana, sai ya gan ta tana ajiye shinkafa a gaban hoton babansa, maganar ta maƙale. Da saƙonta na biyu ya zo sai ya ɗauka ta zaɓa. Ya amsa da layi ɗaya: "Ina miki fatan alheri." Daga nan ya daina tsokanar kowa a unguwa. Wandonsa ya fara yi masa yawa.

Shekara ta zagayo. Toyoji ya ce za a koma wuraren wasa, wai akwai lilon da Itsuki bai hau ba. Aka sake jan layi, aka sake hawa da hoto a cinya. Chisato tana biye da su kamar wadda ake ja da igiya. Har ranar hutu ta zo.

Da safiyar ranar, mahaifiyarta Fumie, matar da ba a cika jin muryarta ba, ta ɗaura takalmi a kumburarrun ƙafafunta.

"Maigida, tashi. Za mu sayo wa Itsuki kifi."

"Aiki yarinyar mana."

"Na riga na rasa ɗaya. Ba zan zauna ina kallon ɗayar tana bushewa a tsaye ba. Tashi."

Ya kalle ta kamar bai taɓa ganin ta ba, ya tashi.

Ina shagon lokacin da suka shigo, ba wani ne ya ba ni labari ba. Shunpei ya ga Chisato, Chisato ta ga yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito.

"Haba, Ɗan teku," ta ce a hankali. "Kai da kake ce min in ci abinci?"

"Ina ce an sa rana."

"Wace rana? Jiran ka nake yi ka ce wani abu."

"Na kasa, Tuffata. Ba don ba na so ba. Na kasa ne."

Tokie ta fito daga ciki tana goge hannu. Ta dubi baƙin, ta dubi hoton da ke hannun tsohon, ta ɗaga labule ta ce su shigo. Aka zauna a tabarma, a gaban hoton mijinta.

Ni na ɗauka faɗa Toyoji ya zo yi. Sai kawai ya ajiye hoton ɗansa a gefe, ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa.

"Baiwar Allah, ba ni da kunya yau. Ki ba ni ɗanki."

Tokie ba ta ce ya ɗago ba.

"Naka ya mutu, shi ne ka zo ɗaukar nawa?"

"Haka ne."

"Ka san shi kaɗai gare ni?"

"Na sani."

"Ka san in ya tafi, in na mutu, za a cire sunan mijina daga ƙofar nan a jefar?"

"Na sani. Abin da nake gudu ke nan a gidana, shi na zo in ɗora miki. Ba ni da hujja."

Chisato ta fashe da kuka. "Baba, tashi, ya isa. Maman Shunpei, ki yafe mana, za mu tafi. Zan auri wanda aka ce."

"Yi min shiru, yarinya," in ji Tokie. Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, shekara guda kana zama a gabana kana buɗe baki kana rufewa kamar kifi a kwando. Kana tsammani ban gani ba? Faɗi yau."

Shunpei ya sunkuyar da kai. "Mama, ina son ta. Kuma ba na son in bar ki."

"Biyun ba za su samu ba."

Ta daɗe tana kallon hoton mijinta. Babu wanda ya motsa. Ana jin tukunya na tafasa a baya, ba mai tashi ya duba.

"A garinku wane wata kuke bikin tarbar ruhin matattu?" ta tambayi Toyoji.

"Watan takwas."

"Mu a nan watan bakwai ne. To ga sharaɗina. Kowace shekara ya zo nan tukuna, ya wanke kabarin ubansa, ya kunna masa wuta a ƙofa, kafin ya je ya yi wa naku. Da matarsa, da abin da suka haifa. Ko bayan raina."

"Na ɗauka," in ji Toyoji, goshinsa na ƙasa har yanzu. "Ni ma zan zo in wanke, muddin ƙafata na takawa."

"To ɗago, tsoho. Ka ɗauke shi. Gara in gan shi da rai a sunan wani."

Ba wanda ya yi murna a ɗakin nan, ba zan ɓoye muku ba. Fumie ce ta rarrafa ta kama hannun Tokie, su biyu suka yi ta kuka, ba wadda ta lallashi wata.

Da Kazuomi ya ji labari ya zo ya gaida Toyoji, ya ce ba komai. Bai sake taka gonar ba.

Bayan an gama tsinkar tuffa aka ɗaura aure a Aomori. Da safen bikin Shunpei ya aika mata: "Tuffata, ina tsoro." Ta amsa: "Ni ma. Ka zo mu ji tsoron tare."

An cika zaure, dangi da maƙwabta, ga amarya cikin fararen kaya ta yi kyau har ba a magana. Tokie tana zaune a teburin gaba, ita kaɗai daga gidansu, cikin baƙar rigar bikin da ta sa ranar nata auren. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce, "Yanzu sai ango, Narumi Shunpei, ya tashi ya gode wa jama'a."

Tokie ta waiga tana duba wanda aka kira. Sai ta ga ɗanta ya miƙe.

Ta riƙe gefen tebur har numfashinta ya dawo. Chisato ta gani. Ta bar kujerar amarya, ta ratsa mutane da jan rigarta, ta zo ta durƙusa a gaban Tokie.

"Mama."

Tokie ta gyara mata wuyan riga da hannu biyu.

"Ba ya son sanyi," ta ce. "Kuma ba zai faɗa ba. Ki riƙa duba shi."

"Zan duba shi, Mama."

"Kuma kada ku bar shi ya hau rufi shi kaɗai."

Toyoji ne ya amsa daga inda yake zaune. "Ba zai hau ba. Ko da gidan zai rufta."

Sannan Tokie ta ɗaga kofinta ga ango da amarya, jama'a suka ɗaga nasu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma sanyaya zuciyar uwar da ta koma Tokyo washegari ita kaɗai, ta buɗe shago a kan lokaci.