Farin Yadin Gwanjo

Tsakuwar farko ta faɗo ne dab da kiran magariba, a tsakiyar farantin shinkafa. Lurwanu ya dube ta, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin, siminti ne lafiyayye babu ko tsaga. Gidan nasu yana hawa na uku a unguwar Shisha da ke Makka, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnaninta. Ya sa yatsu biyu ya cire tsakuwar, ya ajiye a gefen ledar cin abinci, ya ci gaba da kai loma.

'Yarsa Manar ta tsayar da hannunta. "Abuya, daga ina wannan?"

"Ci abincinki," in ji shi.

Haka Lurwanu ya koma tun rasuwar matarsa Saudatu. Ba ya fushi, ba ya dariya, ba ya mamaki. Jikan Katsinawa ne da suka zo hajji ba su koma ba, a Makka aka haife shi, kuma da can mutum ne mai surutu har a gaji da shi. Amma ko masu ta'aziyya ba su gama ɗauke ƙafa ba ya kira motar kaya, ya kwashe duk abin da Saudatu ta taɓa taɓawa, tun daga tufafi har cokula, ya kai kasuwa. Manar ta dawo daga makaranta ta tarar da durowar uwarta wayam. Aka zauna a haka.

Daga ranar ya gane cewa kayan wanda ba ya nan ba sa wuyar sayarwa, sai ya mai da abin sana'a. A bayan unguwar Kudai akwai jerin sito-sito na haya masu ƙofar ƙarfe. Mutum ya kama ɗaya ya zuba kayansa, in aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, mai wurin ya fasa kwaɗo ya yi haraj, wato gwanjo. A ɗaga ƙofa, masu saye su leƙa daga baki ba tare da sun taɓa komai ba, kowa ya taya, wanda ya fi ya kwashe har da ƙurar. Yawancin masu kayan nan mutanen da suka zauna ne babu igama, wato takardar izinin zama, aka kama su a hanya aka mayar da su gida da kayan jikinsu kawai. Kowa a wurin ya san haka. Wasu 'yan gwanjon sukan tambayi mai wurin na wa ne, ko don su yi wa mutum addu'a. Lurwanu ba ya tambaya, yakan ce kayan da aka riga aka taya ba su da uwa ba su da uba.

Siton da ya saya na ƙarshe na mai abincin sayarwa ne, ko makaho ya shafa ya gane: manyan tukwane, kuloli, murhun gas, ludaya, tabarmi. A can ƙurya kuma akwai ƙunshin farin yadi, an yanka shi tsawo-tsawo, kowane ɗauri da zarensa mai launi daban, ya ɗan sandare kamar abin da aka jiƙa aka shanya ba a goge ba. Ya sayar da su gaba ɗaya ga wani mai fenti da ke neman abin shimfiɗa a ƙasa. Ɗauri ɗaya ne ya rage, mafi laushi, wanda aka naɗe shi daban a leda da 'yan kanumfari. Shi ya kawo gida, saboda Manar ta ce zanin gadonta ya yage.

Kashegarin faɗowar tsakuwar farko, da almuru, tsakuwa biyu suka faɗo. Ranar da ta biyo baya aka yi ruwansu a kan firji da ƙofar ɗakin Manar, ƙanana, masu ɗumi kamar an ɗebo su daga rana. A garin da duniya take taruwa don jifan Shaiɗan, sai ga shi Lurwanu ake jifa a cikin falonsa. Ya ɗauko tsintsiya ya share, ya zuba a kwandon shara. Wani lokacin, a shirun nan da ke sauka tsakanin kiran salla da iƙama, sukan ji ana ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya a kicin, alhali babu kowa a ciki. Lurwanu yakan ce maƙwabta ne.

Manar ta fara ramewa. Ta daina zuwa makaranta, ta daina duba waya, wadda da ko a banɗaki ba ta rabuwa da ita. Da zarar rana ta sauka bayan duwatsu sai ta shiga ɗaki, ta zare farin yadin daga kan katifa, ta naɗe jikinta da shi tun daga kai har ƙafa, ta kwanta ta gefen dama tana fuskantar Harami. Ya kai ta asibiti, aka auna jini aka auna kai, aka ce lafiyarta lau, a ba ta abinci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon farin abin nan a miƙe a kan gado, ya san ya kamata tsoro ya kama shi, ya laluba cikinsa bai samu ba.

Yayarsa Ikhlas ce ta zo dubiya wata Laraba da yamma. Tana zaune a bakin gadon tana shafa ƙafar yarinyar, sai wata murya ta fito daga cikin yadin, a hankali, muryar da ba ta mace ba ba ta namiji ba.

"Ɗauke hannunki, baiwar Allah. Ba naki ba ne."

Ikhlas ta miƙe da baya da baya har ta bugi bango. Manar 'yar Makka ce, Larabci ne a bakinta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Wannan kuwa Hausa ce tsohuwa, irin ta mutanen Nijar, mai nauyi.

"Lurwanu," in ji Ikhlas, "in kai ka mutu a tsaye, yarinyar nan ba ta mutu ba tukuna. Gobe zan zo da Malam Mukhtaru."

Malam Mukhtaru dattijo ne siriri, ɗan Sakkwato, ya daɗe yana karantarwa a wani ƙaramin masallaci. Ya zo bayan la'asar da gorar zamzam a hannu, bai tambayi komai ba sai alwala. Ya zauna nesa da gadon, ya sa Ikhlas ta riƙe kafaɗun Manar, Lurwanu kuma a wajen ƙafafu. Ya fara karatu ba da ƙarfi ba. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka-toka. Tsakuwoyi suka riƙa faɗowa ɗaya-ɗaya a kan tayil, Malam bai ko waiwaya ba. Can jikin yarinyar ya sandare, ta yi wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Ɗan'auta take ce mini."

"Wa?"

"Mariama, mai tuwo."

"Musulmi ne kai?"

"Musulmi ne."

"Musulmi ba ya shiga jikin 'yar mutane."

"Musulmi kuma ba ya shimfiɗa wa 'yarsa likkafanin wani."

Ikhlas ta dubi yadin da ke hannunta, ta saki salati. Lurwanu ma ya duba, sai yanzu ya ga abin da ke gabansa tun farko. Shi da ya tashi yana ganin alhazai suna jiƙa farin yadi da zamzam, su shanya a rana, su ninke su tafi da shi gida don ranar tafiyarsu ta ƙarshe. Yaron goye a Makka ya san wannan. Shi kuwa ya kalle shi ya ga yadi kawai, ya yi masa kuɗi.

Muryar ta ci gaba, ba fushi a cikinta, sai gajiya. Ta ce Mariama ta shekara da shekaru tana tuwo a Kudai, lokacin hajji kuma ta tafi Arfa aikin girki. Ba ta da ɗa ba ta da jika. Ta san akwai wani a siton nan tun kafin ta kama hayar wurin, ba ta kore shi ba, sai ta sa masa suna. Tsofaffin garinsu, can wajen Tasawa, sukan aiko mata ta saya musu yadi ta jiƙa da zamzam ta ba wa mai komawa, kowa da launin zarensa don kada a rikita. Duk ranar da za ta kulle ƙofa sai ta ce, Ɗan'auta, ga amana nan. Ranar ƙarshe ma haka ta ce, ta fita sayen albasa, aka kama ta a hanya.

"Na tsare," in ji muryar. "Ko ɓera bai taɓa ba, ko gara. Sai wannan ya zo, bai yi sallama ba, bai tambaya ba. Yadi ya san aikinsa, Malam. In ba a kai wa mai shi ba, wadda ta kwanta a ciki ita ce mai shi."

"Ƙarya kake yi," in ji Malam, karo na farko da ya ɗaga murya. "Rai ba a hannunka yake ba." Ya yayyafa zamzam, ya koma karatu, har Manar ta riƙa bugun katifa da dugaduganta, Lurwanu yana jin ƙasusuwan ƙafarta a tafinsa, sirara kamar na kaza.

"Na tuba! A dawo mini da su duka, in fita."

Malam ya dubi Lurwanu. Lurwanu ya ce, da muryar da yake ciniki da ita, "Sun sha fenti, Malam. An taka su."

Malam ya ce da muryar, "To, ka ji. Za a sayi sababbi a jiƙa, a aika wa masu su."

"Masu su sun tafi," in ji muryar. "An rufe su da yadin kasuwa. Mariama kaɗai ta rage, wannan kuwa nata ne. Idonta ya tafi, amma duk wanda ya dawo daga nan sai ta sa an kai ta wurinsa ta tambaya."

A nan aka tsaya. Za a wanke yadin Mariama, a sake jiƙa shi da zamzam, a danƙa shi hannu da hannu ga wani mai umara da zai koma Tasawa, shi kuma Ɗan'auta ya bi kayansa, kada ya ƙara waiwayar gidan nan. Malam ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicce shi daga wuta, ya rantse. Ya ce ya fita ta ƙaramin yatsan ƙafa.

"Zan fita. Amma ina da tambaya ga mai gidan." Kan Manar ya juyo a cikin yadin ya fuskanci ubanta. "Ni aljani ne, na tsare kayan matar da ba tawa ba har aka fasa kwaɗo. Kai ɗan Adam, kayan taka matar, kwana nawa suka yi?"

Yatsan ya yi rawa a cikin tafin Lurwanu, ya yi sanyi, ya saki. A daidai lokacin aka ɗauki kiran magariba. Manar ta ture yadin daga fuskarta, ta dubi mutanen da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce da Larabcinta na kullum tana son ruwa.

Tsakuwa ba ta ƙara faɗowa ba. Ranar Juma'a Lurwanu ya hau rufin bene da jarkar zamzam da baho, ya jiƙa yadin da hannunsa, ya shanya a igiya. Rana ta Makka ba ta ɓata lokaci, kafin la'asar ya bushe ƙamas. Yana kwance shi sai Manar ta hauro tana dafa bango, ta tsaya a inuwar tankin ruwa.

"Abuya," ta ce, "ban ji tsoronsa ba, ka sani? Kewa yake yi. Ina jin ta a ƙirjina kamar tawa. Da na ɗauka ni kaɗai ce mai yin ta a gidan nan."

Lurwanu ya tsaya da yadin a hannu. Ya so ya ba ta wani abu na uwarta, ko ɗan kunne, ko kofi mai tsaga. Ya bi gidan a zuciyarsa ɗaki-ɗaki, durowa-durowa, babu ko allura, shi da kansa ya tabbatar da haka. Sai baƙin cikin da ya daɗe yana laluben inda yake ya taso masa gaba ɗaya.

"Kama wancan gefen," in ji shi da ƙyar. Ta kama. "Ba haka ba. Saudatu ba ta ninke zani ta tsawo. Kusurwa take fara haɗawa, ta riƙe tsakiya da haɓarta, kamar haka."

Manar ta dube shi. Tun ranar jana'iza ba ta ji sunan nan a bakinsa ba. Ta haɗa kusurwoyin, ta sa haɓa ta danne, ta matso har hannunta ya taɓa nasa.

"Daga nan kuma fa, Abuya?" ta ce. "Me take yi?"