Kukan da Tauqeer Ya Datse

Magariba ta kawo jiki a wata tsohuwar unguwa ta birnin Multan, masu kiran salla sun fara gyaran murya, sai dutse ya faɗo tsakar gidan Tauqeer. Matarsa Shagufta tana gasa gurasa a bakin murhu, ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta. Wani dutsen ya biyo baya ya fasa tulun ruwa. Wanda ya zo bayansa kuwa daga cikin ɗaki ya fito, ɗakin da babu kowa.

Tauqeer yana saman bene, ko a jikinsa. Mutum ne da in ya duƙufa a kan kwamfuta, ko rufin gida ne ya rufta sai dai a ba shi labari. Aikinsa gyaran manhajar shiga intanet, wadda suke kira burauza, shi da wasu mutane a ƙasashe masu nisa da bai taɓa ganin idonsu ba. An daɗe ana ƙorafin cewa duk lokacin da sauti ya yi ƙarfi a cikinta sai ya tsage, wata ƙara mai kama da kukan jariri ta biyo baya. Manyan aikin sun gwada sun gaji. Shi kuwa ya yi ta maimaita sauti ɗaya a lasifika har ya gano bakin zaren, ya rubuta gyaran da ke datse duk abin da ya haura iyaka. A yammacin nan aka karɓi gyaran, aka ce sunansa zai fito a sabuwar fitowar manhajar.

Kashegari 'yarsu Zunaira ta daina cin abinci. Da rana ta kusa faɗuwa sai ta bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya tana kara kunne, tana gunaguni da muryar tsohuwa. Uban ya ce zazzaɓi ne. Uwar kuwa ta yafa mayafi ta ɗauko Pir Inayat, malamin da ke zaune kusa da hubbaren unguwar.

Malamin ya zuba turare a garwashi, ya riƙe ɗan yatsan yarinyar, ya yi ta karatu har gidan ya yi tsit. Sannan bakinta ya buɗe, aljanar da ke jikinta ta yi magana.

"Ɗana ya ɓace cikin wayoyinku tun da kuka shimfiɗa su a kan hanyarmu. Da kukan nan nake bin sawunsa, gida gida. Saura ƙiris in cim masa, wannan mutumin ya toshe masa baki."

Pir Inayat ya ce zai ƙone ta. Ta yi dariya, ta ce ya fara, ai jikin ba nata ba ne. Buƙatarta ɗaya ce: a mayar da kukan inda yake. Tauqeer ya soma dogon bayanin cewa aikin ya riga ya bar hannunsa, malamin ya katse shi.

"Ɗana, za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Zai iya mana. Saƙo ɗaya ya isa a janye gyaran kafin a sake shi ga duniya. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa ya rantse. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale a cinyar uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Ya hau bene da niyyar cika alkawari, sai ya tarar da yabon manyan nan jere a allon, kansa ya kumbura. Ya ce a ransa, me aljana ta sani game da burauza? Ya mayar da kukan a kwamfutarsa kawai, ya ƙure lasifika. Kukan ya cika gidan, Shagufta ta yi ta hamdala. Ni dai ban taɓa ganin wauta mai sanyin jini irin wannan ba.

Aka saki gyaran, sunansa ya fito. Ba a ƙara jifa ba, Zunaira kuma tana magana lafiya lau. Sai dai in dariya ta ci ƙarfinta, sautin ya yanke ɗif, bakin a buɗe, babu komai. Likitoci suka duba maƙogwaro suka ce ƙalau yake. Aka koma wurin Pir Inayat, ya dubi Tauqeer, ya ce wadda ta tafi ba ta bar hanyar da za a kira ta ba.

Wata hantsi Shagufta ta fita kasuwa. Tauqeer yana zaune a ƙofar madafa ya juya baya, kwamfuta a cinya, lokacin da mayafin Zunaira ya kama wuta a murhu. Ta yi ihu iya ƙarfinta, tsakaninsu bai kai tsawon tabarma ba. Ƙaurin ne ya sa ya waiwaya.

Ta rayu. A gadon asibiti, cikin naɗin bandeji, ta dube shi da idon da ya rage mata, ta yi magana a hankali yadda za a ji.

"Abbu, na yi ta kiran ka."