Harshen Ƙarfen da Cindo Ya Ƙera

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Mijinyawa mai kula da injin ɓare gyaɗa na koferatif ɗin manoman Dakoro ya tada inji, sai ya ga ƙwaya tana fitowa a farfashe. Ya leƙa tiren da ke girgiza, ya tarar harshen ƙarfe babu, alhali da safe yana nan.

Harshen nan ba da shi injin ya zo ba. Cindo maƙeri ne ya ƙera shi, shekara biyu bayan samun 'yancin kai. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne a bakin tire: in gyaɗa ta gangaro a miƙe ya bar ta ta wuce, in ta zo a gicciye ya juya ta. Albarkacinsa ƙwaya ke fita lafiya, kuma wadda ba ta fashe ba ita ke tsira in an shuka. Ga buhunan iri na mutanen ƙauyen Ɗan Gulbi jibge, ga hadari ya fara haɗowa.

Kafin la'asar gari ya gama shari'a: wai Cindo ne ya kwance abinsa don ya sayar wa wani mai inji a Maradi. Mutum ke nan, jiya yana sa maka albarka, yau yana nuna ka da baki. Cindo ya zauna a maƙera ya kasa hura wuta, don sunan da ya gada ne ake shirin ɓatawa.

Jandarma Sa'adu da aka kira ba mai gaggawa ba ne. Ya tsuguna gaban tire ya tsinci ƙusoshi biyu masu murɗi da suka riƙe harshen. An cinye musu kai da lakile, wato sifana, ga ɗigon jini a kaifin tire.

Ya fara da Dela, shugabar matan da ke ɓare gyaɗa da hannu, tunda inji ya rage musu samu. Ta yi dariya, ta ce irin ɗanta ma yana cikin buhunan, kuma ita ko lakile ba ta taɓa riƙewa ba. Ya dubi hannuwanta, ya sallame ta. Mijinyawa kuwa sahun gaba ya yi salla, liman ya shaida.

Ya je maƙera ya ajiye ƙusoshin gaban Cindo. Tsohon ya juya su, ransa ya ɓaci. Ya dubi Sa'adu, wanda yake kira Mushe, wato Malam da Faransanci.

"Wanda yay yi wannan bai san su ba, Mushe. Na tayar hagu ta tsohuwar kamiyo ne, babbar motar kaya, baibai suke kwancewa. Su kaɗai na samu da girgiza ba ta kwance su."

Sa'adu ya tambayi wa ya san haka. Cindo ya ce shi, da Mijinyawa, da duk direban da ya taɓa canza taya.

Daga nan ya wuce shagon Alhaji Na'Allah, wanda ya sauke kamiyo guda na irin gyaɗa daga Maradi, babu mai saye tunda kowa na da nasa. Direban Alhaji na zaune gefen kamiyon, ga lakile a cikin motar. Sa'adu ya miƙa wa Alhaji hannu. Alhaji ya dunƙule nasa cikin hannun riga ya ba shi wuyan hannu, kamar yadda ake yi in ana cin abinci.

"Alhaji, ina akushin?"

"Yanzu anka ɗauke."

"To buɗe hannun in gani."

Gaɓoɓin yatsu huɗu duk a saɓule. Aka bincike shagon, a ƙasan buhun gero na uku aka zaro harshen, naɗe cikin tsumma.

A gaban jama'a Sa'adu ya warware zance. Cindo da Mijinyawa da direban Alhaji duk sun san inda ƙusoshin ke juyawa, da ɗayansu ne da ba a cinye musu kai ba. Wanda ya kwance su ya yi ta ɗaure su yana zaton kwancewa yake, har lakile ya zame, tire ya yanke shi, kafin ya gane baibai ne. Mai lakile a mota, wanda bai taɓa aiki da shi ba, wanda kuma fashewar iri za ta cika wa shago da masu saye, mutum ɗaya ne. Aka tafi da Alhaji buro, ofishin jandarma.

Cindo ya mayar da harshen kafin rana ta faɗi. Ƙwaya ta dinga zubowa ɗaiɗai, jajaye, ko tsaga babu. Dela ta rangaɗa guɗa, waɗanda suka zarge shi suka yi ta zuwa neman gafara. Kwana uku bayan haka ruwan shuka ya sauka, kuma har yau mutanen Ɗan Gulbi suna gode wa Allah da damanar nan.

Da Sa'adu zai tafi, Cindo ya tare shi, idonsa ya ciko.

"Mushe, ka maido mini sunan ubana. Allah shi saka maka."

Hannunsa duk baƙin mai ne da gawayi, sai ya miƙa wuyan hannu. Sa'adu ya ƙi karɓa. Ya buɗe tafin tsohon, ya riƙe shi da hannu biyu.