Kujerar Hagu

"Ka ajiye takalmin nan haka, Kurtu! Mai shi ya tafi, wa kake goge wa?"

Kurtu bai ɗago ba. Yana zaune a ƙasa a tsakiyar falo da buroshi a hannu, yana ta goge baƙaƙen takalman kakansa, kamar yanzu tsohon zai fito ya duba ko suna ƙyalli. Kakan ne ya laƙaba masa sunan Kurtu tun ranar da aka kawo shi gidan yana ɗan yaye, bayan rasuwar iyayensa. Shi kuma kakan, kowa Sajan yake ce masa.

Sajan ya je yaƙi yana saurayi, ya dawo da kunne ɗaya, don bam ya fashe ta hagunsa ya kashe wancan. Da ya ajiye bindiga sai ya ɗauki alli, har ya zama hedimasta. Rabin unguwar nan a hannunsa suka koyi rubuta sunansu. Jikansa ne kaɗai ya gagare shi, ya gudu daga aji ya shiga gareji. Sajan ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa, sai wata safiya ya turo tsohon kekensa har garejin ya ce, "Tunda ka zaɓa, gyara in gani." Shi ke nan sulhun nasu.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta yi maganar, ta zauna a kujerar da ke dama da ta marigayin, inda ta saba zama. Idanunta sun kumbura.

"Ina so mu yi maganar yarinyar nan, 'yar kemis."

"Gwaggo, yanzu?"

"Yanzu! Ba za a yi auren nan ba. Baba bai so ta ba."

Buroshin ya suɓuce daga hannunsa. "Ya faɗa miki?"

"Sai ya faɗa? Ba ni da ido? A ina yake ajiye ta duk ranar da ta zo gaishe shi?"

Ta nuna da baki. Kurtu ya juya ya kalli kujerar hagu.

Ba wanda yake zama a kujerar nan, don in ka zauna a can ko ihu kake yi Sajan ba ya jin ka. Tsofaffin jaridu ake jibgewa a kai. Amma ranar da Kurtu ya fara kawo yarinyar, bayan ta daɗe tana aiko wa tsohon da maganin hawan jini tana rubuta masa lokacin sha da manyan baƙaƙe, Sajan ya dube ta sama da ƙasa, ya tashi da kansa ya kwashe jaridun ya ce, "Zauna nan." Ta gaishe shi, bai amsa ba. Ta yi masa ya jiki, yana kallon ƙofa. Haka aka yi ta yi duk zuwanta.

"Wanda kake so ka ji, kunnenka mai ji kake ba shi," in ji Gwaggo. "Ita kuwa kurman ya ba ta. Ga ta da rashin kunya, in an yi sallama a waje sai ta ƙwanƙwasa masa hannun kujera kamar sa'anta! Ba zan bari a kawo abin da ubana ya ƙi cikin gidansa ba, ƙasar kabarinsa ma ba ta bushe ba."

Kurtu ya ɗauki buroshin da ya faɗi. Shi fa ya sha ganin tsohon yana murmushi bayan tafiyarta. Ko kuwa murmushin an rabu da ita ne? Ya taɓa tambayarsa, "Kaka, ya ka gan ta?" Sajan ya ce, "Takalminka da datti." Amsa ce wannan? A lokacin dariya ya yi. Yanzu kuwa duk abin da ya tuna sai ya zo masa da fuska biyu, ga shi wanda zai tambaya ya yi shirun da ba a tashi.

Ya daina ɗaga wayar yarinyar. A gareji ya ɗaure tayar wani a karkace, har maigidansa ya kore shi gida ya huta. Da yamma ƙafafunsa suka kai shi kemis ba tare da ya aike su ba. Yarinyar tana bayan kantar shagon tana jera kwalabe.

"Injiniya! Ashe kana raye? Mesej nawa na turo maka?"

"Sori. Na yi bizi ne."

"Bizi?" Ta ajiye kwalbar. "Kalle ni ka sake faɗa."

Bai iya ba. Ya zayyana mata maganar Gwaggo yana kallon siminti. Hawaye suka gangaro mata, ta share da bayan hannu.

"Ni ma ban san dalilinsa ba," ta ce. "Na sha komawa gida ina kuka. Amma in na makara sai ya aiko a tambaya ko lafiya. Wanda ya tsane ka yana cigiyarka?"

"Ban sani ba! Wallahi ban san komai ba yanzu!"

"Oke. Ba zan ja da Gwaggo ba, uba ta rasa. Kai ma ba zan matsa maka ba. Ina nan inda ka san ni."

Ya fita kansa ya fi dā nauyi. In ya aure ta, ya saɓa wa mamaci. In ya bar ta, ya cuci mai rai. Ya tsaya a bakin titi har motoci suna yi masa hon, ya manta ta ina gida yake.

Masu ta'aziyya sun yi ta raguwa, tsofaffin ɗalibai da furfura a kansu suna ba da labarin bulalarsa suna dariya suna kuka. Ana cikin haka wani hantsi wani tsoho ya iso yana dogara sanda. Kofur ne, abokin yaƙin Sajan, labari bai kai masa da wuri ba. Ya yi addu'a, ya ƙi ruwa, ya ƙi kujera. Sai ya tsaya gaban kujerar hagu ya yi ta kallonta.

"Wa ya kwashe jaridun?"

"Shi da kansa, Baba Kofur," in ji Gwaggo. "Wata yarinya yake ajiyewa a nan don kada ya ji surutunta."

Kofur ya juyo a hankali. "Ya zaunar da mutum a nan? Sajan?"

"Ƙwarai."

Tsohon ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sannan dariyar ta koma kuka.

"Kai, 'yata! Ashe ba ku san ubanku ba. Ranar da kunnen nan ya mutu aka ce a sallame shi, ya ƙi. Ya ce a ba shi mutum ɗaya ya tsaya masa a hagu. Ta can mutuwa za ta zo bai ji ba, kin gane? In na ji motsi sai in ƙwanƙwasa masa gindin bindiga. Har yaƙi ya ƙare ni ne kunnensa. Ba ya magana da ni, ba ya ko kallona. Me zai kalla? Ya riga ya ba ni ransa! Da muka dawo, uwarki ta karɓi aikin daga hannuna. Tuna mana, ta ina take tafiya in sun fita?"

Gwaggo ta ɗaga kai ta kalli hoton da ke bango, wanda take gogewa kullum. Ga mahaifiyarta nan a hagun Sajan, yatsunta a kan hannun kujera.

"Tun da ta rasu," in ji Kofur, "na ce masa ya nemi wani kunnen. A makaranta ma ba malamin da ya bari ya tsaya masa a can. Ya ce gara jarida."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "To ni fa? Duk shekarun nan a dama yake ajiye ni. Bai yarda da ni ba ke nan?"

"Ke muryarki yake so ya ji, sarkin surutu! Kunne ɗaya ya rage masa a duniya, ke ya ba."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai sauti. Kurtu ya matso.

"Baba Kofur, ni kuma? Kullum a ƙasa nake, a gabansa."

"Kai dole a sa maka ido, ɗan banza mai gudun aji!"

Karon farko tun rasuwar, aka yi dariya a falon nan.

Gwaggo ce da kanta ta yafa mayafi ta tafi kemis a ranar. Abin da suka faɗa wa juna Kurtu bai ji ba, ya dai hango su ta gilashi sun rungume juna, masu sayen magani suna jira.

Bayan an ɗaura aure, ranar da amarya ta shigo falon, ta tsaya tana neman wurin zama. Gwaggo ta kama hannunta ta kai ta kujerar hagu. Kurtu ya ajiye takalman Sajan masu ƙyalli a gaban kujerar tsakiya, ya zauna a ƙasa inda ya saba.

Mun kusa raba abin da tsoho ya haɗa don mun fassara shirunsa da namu tunanin. Kada ka yanke wa mutum hukunci da abin da idonka ya gani alhali ba ka san tarihinsa ba. Ita kuwa wadda ta yi haƙuri ba ta rama ba, gaskiya ce ta tako da sanda har gida ta wanke ta.

Aka yi sallama a waje. Kafin kowa ya motsa, amarya ta ƙwanƙwasa hannun kujerar tsakiya, sannan ta tuna, ta janye yatsunta.

"Bar shi," in ji Gwaggo. "Ya ji."